Furen Wilf ne ya ci mini kofi

Anti Marjorie, don Allah ki taimake ni kafin ranar Juma'a. Shekarata sittin da huɗu, ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba, yau ga ni saboda tukunyar fure.

Shekara shida ke nan ina cikin ƙungiyar masu lambu ta garinmu a nan yankin Yorkshire na Ingila, ɓangaren masu renon fiyusha, furen nan mai lilo kamar 'yan kunne. Kowace shekara a watan Maris ana raba wa kowa dashe biyu iri ɗaya. Ka je ka rena, ranar gasa a watan Agusta ka kawo guda ɗaya zauren coci, a jera a kan dogon tebur, a kife katin sunanka, alƙali ya zo daga wani gari ya zaɓa. Doka ɗaya ce, kuma kowa ya san ta: sai wanda ka rena da hannunka tun daga Maris.

Nawa biyun sun yi kyau bana, ba yabon kai ba. Sai 'yata ta haihu a garin Hull, na tafi kwana tara, na bar wa mijina Norman amanarsu. Bawan Allah nan sau uku yake ba su ruwa a rana, wai ya ga ana zafi. Na dawo na tarar saiwa ta ruɓe, ganye ya zube, shi kuma yana tsaye da butar ban ruwa yana jiran godiya. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, na kuma gaya masa maganganun da ba za a buga a jarida ba.

A nan Wilf ya shigo. Wilf maƙwabcinmu ne, tsohon direban bas, shi ya sa ni a ƙungiyar, shi ya koya mini tsinke kan toho don itacen ya yi rassa. Shekara goma sha tara yana shiga gasar nan, ya zo na biyu, ya zo na uku, bai taɓa ɗaukar kofin ba. Har tsokanarsa ake yi, ana ce masa abokin ango. Da ya ji labari sai ya miƙo mini tukunya ta saman shinge, ya ce, "Ungo, yarinya, ki cike gurbi da wannan. Shi ne mummunan cikin nawa biyun, ba inda za shi. Kada Misis Thwaite ta ga wurinki babu komai ta yi ta yi miki jaje har Kirsimeti." Yarinya yake ce mini, ni da jikoki uku. Misis Thwaite kuwa sakatariyarmu ce, kuma gaskiya ya faɗa, jajenta ya fi faɗa ciwo.

Na karɓa. Sati uku ina juya tukunyar kullum don kowane gefe ya sha rana, ina cire ganyen da ya yi rawaya, ina korar ƙudan zuma kada su ɓata furen. Na rantse miki cike gurbi kawai na je yi. Ina can wajen shayi ina yanka kek aka buɗe ƙofa bayan alƙali ya gama, sai na ga jan katin nasara jingine da tukunyata. Na ɗaya. Na Wilf kuma na biyu.

Ya zo ya kama hannuna yana dariya, ya ce, "Kin ga ni da idon zaɓe ko? Ki yi shiru da bakinki, ki sha shayinki." Tun daga ranar bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Muna gaisawa ta shinge, muna zancen ruwan sama.

To jiya Misis Thwaite ta bugo waya tana tambayar yadda ake rubuta sunana daidai, domin ranar Juma'a za ta kai kofin a zana sunan a jikinsa, a miƙa mini a walimar Oktoba. Anti, ina son kofin nan, kunya ba za ta hana ni faɗa ba. Ban taɓa cin wata gasa ba a rayuwata, har Norman ya goge masa wuri a kan kanta. Idan na faɗi gaskiya ana iya dakatar da ni shekara guda, a kuma yi wa Wilf faɗa a kan alherin da ya yi mini, shi da ya ce in yi shiru. Idan na yi shiru kuma, da wane ido zan dube shi yana tafa mini? Yaya zan yi?

Mai kofin aro, Yorkshire

Mai kofin aro, sannu da tashin hankali, kuma barka da samun jika.

Ki fara kwantar da hankalinki, ba sata kika yi ba. Kyauta aka ba ki, da zuciya ɗaya kika karɓa, kuma wahalar sati ukun nan taki ce. Amma ke ma kin san siffar fiyusha tun wajen tsinke toho na ƙarshe ake gama ta, wata biyu kafin gasa, lokacin itacen yana ɗakin gilashin da Wilf ke renon furanninsa. Ke kwalliya kika yi masa. Dokar kuwa kin san ta kafin ki rubuta sunanki a katin.

Na fahimci abin da ya sa Wilf ya ce ki yi shiru. Ba ya son ki ji kunya, wataƙila kuma ba ya son gari ya ji cewa da hannunsa ya bayar da wanda ya fi kyau. Wannan kirki ne, amma ba shi zai riƙa kallon kofin kowace safiya ba. Wata uku kawai na ba ki, za ki fara juya shi ya fuskanci bango.

Ga shawarata. Gobe ki shiga gidansa ta ƙofa, ba ta shinge ba, ki gaya masa abin da za ki yi. Sanar da shi za ki yi, ba izini za ki nema ba, don zai ce a'a. Daga nan ki kira sakatariya kafin Juma'a, ki ce kin janye, ki faɗi dalili a taƙaice. Ki tsaya a kan cewa ke kika sa hannu a katin, laifin naki ne. Itacen da Wilf ya shigar da sunansa ba shi da aibi, idan naki ya fita nasa ne a gaba. Dakatarwa kuwa, ba na jin kwamitin da kuke shan shayi tare zai tsananta wa wadda ta kawo kanta. Ko sun yi, shekara ɗaya ce, ki yi amfani da ita ki koya wa Norman taɓa ƙasa da yatsa kafin ya ɗauki buta.

Za ki ji zafi, kuma jajen Misis Thwaite yana nan yana jiran ki, ki daure. Amma ki duba abin da ya faru a zauren nan: alƙalin da bai san kowa ba ya bi tebur kaf, ya zaɓi tukunya biyu, duka biyun renon mutum ɗaya ne. Garin bai san haka ba, ke kaɗai ce za ki iya faɗa musu. Ki je walimar Oktoba da mafi kyawun rigarki, ki zauna a gaba, in an kira sunansa ki riga kowa tashi.

Ina yi miki fatan alheri, ke da dashenki na baɗi. Ki gaishe mini da Wilf.

Anti Marjorie