Takalman da Kyamara Ba Ta Gani

Zuwa ga Hester Lovell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sabon ƙugun da likitoci suka sa miki ya fara jin magana. Ni ina nan a rumfata a kasuwar Deptford, ruwa na dukana, ina sayar wa rayayyu takalman matattu.

'Yarki Imogen ta biyo ta nan, wai an ba ki fim kina jan ƙafa. Ke, tsohuwa! Tun kina fitowa 'yar aiki mai ɗaukar tire, har kika zama sarauniya, har kika zama bazawarar nan da ta gama da mazaje uku da kofin shayi, ba ki taɓa haddace kalma ɗaya ba sai kin zo kin hargitsa mini kwando kin samo takalmin matar da za ki zama a fim. Ke da bakinki kika ce in ba ki san tafiyarta ba, ba ki san muryarta ba. Bana shiru. Ko kin yi sabuwar mai takalma ne?

Taki har kullum,
Queenie

Ƙawata Queenie,

Na gode da gaisuwa. Ba ni da wata mai takalma, kuma ba zan ƙara buƙata ba.

Matar da suke so in zama tana kwance a gado daga farkon fim har ƙarshe, da bargo har ƙirji. Sun tuna da ni ne don sun ji ba na iya tafiya. Daraktan mutumin kirki ne. Ya ce, "Ki kwanta abinki, kyamara ba za ta ga ƙafarki ba." Na karanta labarin sau da yawa, ban same ta ba. Gawa ce mai magana.

Ranar Juma'a zan buga musu waya in ce na daina fim. Ya isa haka.

Da girmamawa da ƙauna,
Hester

Hester,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Buɗe ƙunshin nan.

Jan takalmin rawa ne. Na samo shi cikin kayan wata tsohuwa da ta rasu a Peckham, an naɗe shi a tawul can ƙasan akwati. Ɗanta ya rantse mini uwarsa ba ta taɓa taka rawa ba a rayuwarta, daga coci sai kicin. To juya shi ki ga yadda dunduniyar hagu ta cinye, ki faɗa mini wa aka yi wa wayo.

Kuma yaushe kyamara ta fara ganin ƙafarki? Da kika fito alƙaliya, tebur ya rufe ki har ciki. Ƙasar nan kaf ta tsorata da fuskarki, ni kaɗai na san ɗan yatsanki ne takalmina yake matsewa.

Sa shi ki shiga bargon. In Juma'a ta zo ba ki same ta ba, buga wayarki.

Taki, duk da taurin kanki,
Queenie

Queenie,

Ya yi mini kaɗan, muguwa. Juma'a ta wuce.

Hester

Hester tawa,

Gaisuwa da jinjina. Jiya na rufe rumfa da rana na tafi silima. Lokacin da ɗanki na fim ya kunna miki rediyo a gefen gado, kowa ya zuba wa fuskarki ido, matar kusa da ni tana ta jan majina. Ni ƙarshen bargo nake kallo.

Yana motsi. Da hagu kika fara.

Taki,
Queenie