Wa Zai Wanke Mai Keke?

Salamu alaikum, 'yata mai wannan fili. Ki taimake ni da shawara, don na rasa ta inda zan ɓullo. Ki yi haƙuri da rubutun. Karatuna na tsufa ne, ɗan abin da na tsinta a ajin manya. In kin ga harafi ya faɗi ki tashe shi.

Ni tsohuwa ce, mijina ya daɗe da rasuwa. Direban babbar mota ne, ya tafi kabari da nasa ciwon bayan. Abin da aka san ni da shi a unguwa wankan gawa, na mata. In mace ta cika, ƙofata ake bugawa. Na wanke sa'o'ina, na wanke masu jego, na wanke waɗanda na goya da zanena. Ban taɓa jin tsoro ba. Gawa ba ta da fitina, masu rai ke da ita.

Bayan nan nawa ya lalace tun ina aikin shara da goge-goge a wani asibiti. Santsi ya ɗebe ni a kan matakala ina ɗauke da bokiti, na sauko da ƙugu, gwiwar hagu ta naɗe a ƙarƙashina. Na yi watanni a kwance. Da na fara tashi, sai ƙawata, ana ce mata Mai Keke don ɗinki take yi, ta ɗinka min ɗamara da ƙyalle mai kauri irin na tamfol, ta jera mata igiyoyi a gaba. In na ɗaure ta tamau sai in ji kamar an sa min sabon baya. Tun daga ranar ban rabu da ita ba. In ta tsufa Mai Keke ta ɗinka wata. Da ita nake aiki, da ita nake salla, da ita nake kwana. Wankan jikina kaɗai ke raba mu, shi ma a gurguje. Maigidan kan ce ɗamarar ce mijin, shi ɗan haya ne.

Kin san yadda aikinmu yake. A ƙasa ake shimfiɗe mamaciya, a lungun da ruwa zai samu hanyar fita, yawanci wuri ne da ko akuya ba za ta juya ba. Ki durƙusa, ki sunkuya, ki ɗaga, ki juya ta dama, ki juya ta hagu. Kuma wanda ya mutu ya fi mai rai nauyi, don ba ya taya ki. Haka nake yi shekara da shekaru, in dawo gida in haɗiyi ƙwaya daga shagon mai magani in kwanta.

Bara aka kira ni gidan wani mai gyaran takalma, uwarsa ta rasu. Mace mai jiki, Allah ya jiƙanta. Na zo juya ta sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Na kasa gaba na kasa baya. Haka na ƙarasa wankan a durƙushe ina cizon leɓe, don ba a barin mutum rabi da sabulu. Da aka gama, mata uku suka cicciɓe ni suka fito da ni. Na ji wata marar kunya tana cewa saura kaɗan masu makara su rikice, su rasa wadda za su ɗauka. Ban ji haushi ba, gaskiya ta faɗa.

Daga nan ɗana ya kafa doka. Mai gyaran wutar lantarki ne, ɗaya ne gare ni, kuma yana da ƙoƙari. Ya ce ba wanka, ba kasuwa, ba sunkuyo. Ya sayo min wata kujera mai laushi, in kin zauna sai ta haɗiye ki. Matarsa kuwa, yarinyar kirki, ko buta ba ta bari in ɗauka. In na miƙa hannu ga tsintsiya ta riga ni. In cokali ya faɗi ta rugo daga kicin. Na zama kamar tulun ado. To ga shi an yi shekara ana hutar da ni, maimakon in warke sai ƙara lalacewa nake. Cinyoyina sun zube, sun koma kamar kara. Da ina tashi daga tabarma da dafa bango, yanzu daga kujerar ma sai an jawo ni kamar guga daga rijiya. Gwiwar tana ƙara kamar tsohon ƙyaure. Salla a zaune. Na gaji, 'yata. Ba ciwon ne ya gajiyar da ni ba, zaman ne.

Duk wannan da sai in haƙura, tsufa ba ya shawara da kowa. Abin da ya sa na ɗauki biro Mai Keke ce. Ba ta da lafiya, kuma ba ciwon tashi ba ne. Ita ta sani, ni na sani, 'ya'yanta ne kawai ke yaudarar kansu. Likkafaninta ma ta ɗinka da hannunta ta ninke a ƙasan akwati, ta ce ba ta yarda da ɗinkin kowa ba. Shekarun baya an yi mata aiki a asibiti, an cire abin da aka cire. Ba zan faɗi ko mene ne ba, ko a nan da ba a san ni ba. Ta iya sa tufafi yadda ba mai ganewa. Daga mijinta, shi ma ya rasu, sai ni muka taɓa gani. Tun lokacin ta sa na yi mata alkawari ni zan wanke ta, ba waɗannan yaran da ke yi yanzu ba. Ta ce hannunsu kamar masu kankare tukunya, bakinsu kuma kwando ne. Ba ƙarya ta yi ba. Kafin a kai mamaciya maƙabarta unguwa ta san tabon da ke cinyarta. A wurinmu abin da ido ya gani a lungun nan, can ake barinsa.

Gidanta ba nisa, ƙarshen layinmu ne, bayan famfo. Amma rabona da zuwa tun kafin ta kwanta. Tana aiko min da saƙo ta bakin 'yarta, wai ko na mutu ne ba a gaya mata ba, in kuwa na riga ta to na ci amana. Nakan ce a ce mata ƙafa ce. Ƙafar ce, amma kuma ba na so ta ga yadda ake jawo ni daga kujera ta gane alkawarinta ya faɗa ruwa.

Akwai wata nas a gidan da ke kallon namu. Ta ce wai ɗamarar ce ta cinye min baya, ita ke aikin, naman jikin ya kwanta barci. Na ji haushi, amma na gwada. Na kwance ta da niyyar in wuni ba ita. Kafin azahar na ji kamar an raba ni biyu, na mayar da abata. Surukata kuma ta nuna min wata yarinya a waya tana naɗe jiki kamar tabarma, wai motsa jiki. Na ce in na yi wannan, ni za a fara wankewa.

To ki gaya min gaskiya, ban son lallashi. Baya da gwiwa da suka yi shekaru a lalace suna sake yin ƙarfi a jikin tsohuwa, ko in daina wahalar da kaina? In yar da ɗamarar ko in riƙe? Ba rawa nake so in yi ba. Durƙuso ɗaya nake nema, in yi shi in tashi.

Mai Ɗamara

*

Wa alaikumus salam, Inna. Kin ce ba kya son lallashi, to ga gaskiya. Bayanki ba zai koma na da ba. Amma naman jiki ba ya ritaya. Ko a shekarunki, in an sa shi aiki yana amsawa, sai dai a hankali yake amsawa.

Ɗanki yana da gaskiya ta wani gefe. Faɗuwa ɗaya a shekarunki tana iya kwantar da mutum har abada, kuma abin da ya faru a gidan mai gyaran takalma gargaɗi ne. Inda ya kuskure shi ne da ya ɗauka hutu magani ne. Ke kika fi shi gaskiya a nan: zaman ne ya zubar miki da cinyoyi, kuma cinya da ɗuwawu da naman ciki su ke riƙe gwiwa da baya. A ba shi wannan shafin ya karanta.

Abu na farko, ya kai ki asibiti a duba ƙugun da gwiwar, ki ba su labarin ƙarar da kika ji, ki kuma nemi a haɗa ki da likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Ni ban ga bayanki ba, shi zai gani. Ki tafi da ƙwayoyin da kike sha a nuna masa, don irinsu in an daɗe ana sha suna taɓa ciki da ƙoda. In kuwa ƙafa na mutuwa, ko tana ja, ko fitsari ko bayan gida na kuɓuce miki, wannan ba na jira ba ne, a ranar za a tafi.

Nas ɗin ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta ce ki kwance ɗamarar wuni guda ba. Yaye za ki yi mata, kamar na yaro. Ki fara da daina kwana da ita. Sannan ki riƙa kwance ta na ɗan lokaci in kina zaune, kina ƙarawa sannu a hankali. Lokacin tafiya da aiki ki ɗaura abarki, ba laifi.

Kujerar nan mai haɗiye mutum a bar wa baƙi. A samo mai tauri, mai ɗan tsayi, a jingine ta da bango. Ki zauna a bakinta, ki tashi, ki koma a hankali ba tare da kin faɗa ba. Da farko da dafawa, ko surukarki na tsaye kusa, amma kada ta jawo ki. Wannan shi ne babban maganinki, safe da yamma. Kina zaune ki miƙe ƙafa ɗaya, ki riƙe ta kaɗan, ki sauke, ki yi wa ɗayar. A kan gado ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwoyi, ki tsuke cikinki kamar za ki ɗaure zane, kina numfashi. Wannan ita ce ɗamarar da Allah ya ɗinka miki. In ta fara ƙarfi, ki riƙa ɗaga ƙugu kaɗan daga katifa kina saukewa. Tsamin jiki ba komai ba ne, ki gasa da tsumma mai ɗumi. Ciwo mai suka, ko mai sauka ƙafa, shi ke cewa a tsaya. Ki riƙa ɗan tafiya kullum. A mayar miki da butarki da ƙananan ayyukanki. Surukarki ta bar cokali ya jira ki, ki dafa tebur ki ɗauka.

Yanzu batun alkawari. Wannan aikin na watanni ne, kuma ni da ke ba mu san ko Mai Keke na da watanni ba. Don haka kada ki jingina alkawarinki ga durƙuso. Ba durƙuso kika yi mata alkawari ba, sutura kika yi mata alkawari. Wankan ba dole sai a ƙasa ba. Ɗanki ya sa kafinta ya haɗa benci mai faɗi da ya kai miki ƙugu, yadda za ki yi aikin a tsaye, da kujera a gefe in ƙafa ta gaji. Ɗagawa da juyawa kuma kin gama su a duniya. Ana bukatar mace mai ƙarfi ɗaya ko biyu, su juya ta a lulluɓe, hannunki kaɗai ke shiga ƙarƙashin mayafi. Kin fi ni sanin yadda ake yi. Su wa za su kasance, ba ke za ki zaɓa ba, mai jikin ce za ta zaɓa. Wataƙila 'yarta, wadda take jinyarta yanzu, ta riga ta san fiye da yadda kuke zato. Kuma cikin yaran nan masu bakin kwando ba a rasa ɗaya da za ta koyi kama baki in ta tsaya kusa da ke. Ke ma wata rana za a wanke ki, Inna.

Na ce ki riƙa tafiya kullum, ban faɗi ina ba. Ƙarshen layinku, bayan famfo. Gobe da safe ki ɗaura ɗamararki, ki ɗauki sanda, surukarki ta raka ki. In kin gaji a hanya ki zauna a dakalin wani, ba wanda zai kore ki. Ki bar Mai Keke ta ga yadda kika koma, ki gaya mata maganar benci, ta yi miki tsiya son ranta. Kina ta shirin ranar da ba za ta iya magana ba, alhali yau tana iyawa, kuma ke take kira.

Allah ya ba ta sauƙi, ya ƙarfafa miki baya da gwiwa, ya ba ki ikon cika alkawari, ya kuma saka miki da duk asirin da kika rufa.