Fuskar da Akwatina Bai Kama Ba

Zuwa ga uwar ɗiyana, Habsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta mutunci da girmamawa, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Kin san ban je lakol na koyi boko ba. Ɗiyarki Rakiya ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Damina uku ke nan da muka kai ki makwanci. Gida lafiya lau, jar akuyarki ma ta haifi biyu. Ni ne dai ba lafiya, kuma ba ciwon da likita zai gani ba ne. Habsu, fuskarki ta fara ɓace mini. In na rufe ido ina ganin tafiyarki, ina jin muryarki, amma in na zo kan fuska sai abin ya watse.

Kina tuna shekarar da na tafi Maradi sayen kamara, muna sabon aure? Mai shagon ya aje mini biyu a kan tebur. Ɗaya ƙarama ce mai ido biyu, ana rataya ta a wuya a leƙa ta sama, kafin mutum ya ƙifta ido ta ɗauke shi. Ɗayar kuwa akwatin katako ne mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, takarda ɗaya mutum ɗaya, kuma sai mutum ya zauna kamar dutse har in ƙirga biyar. Mai shagon ya ce in ɗauki ƙaramar, ta fi sauƙin yawon kasuwanni. Na ce masa ni ba abin wuya na zo saye ba. Na ga hoton wani dattijo da babban akwatin ya ɗauka, kowace tsaga ta fuskarsa sai ka ƙirga ta, har zaren rawaninsa. Na ce wannan shi ne hoto, sauran wasan yara ne.

Da na sauke shi a tsakar gida, kika zagaya shi sau biyu, kika ce, "Malam, rumbu ka sayo mana?" Kika yi ta dariya har kika zauna ƙasa. Ban yi miki magana ba sai washegari.

Na yi shekaru ina ɗaure shi bayan keke, daga Gazawa zuwa Cadawa da ƙauyukan da ke tsakani. Masu neman katin ɗan ƙasa, maniyyata, Fulani da sandunansu a kafaɗa, duk sun zauna gabana. Ban taɓa jefar da takardar farko ba, wadda baƙi ke fita fari a cikinta. Suna nan, sun cika adakarki ta ƙarfe. Ko watan jiya wani magidanci ya zo neman fuskar ubansa, wanda ya rasu tun shi yana goye. Na tambayi sunan ƙauyensu da irin tsagarsu, na fito masa da ita. Ya zauna a zaure yana kuka, ni ina ba shi haƙuri. Bai san ya fi ni arziki ba.

Sau ɗaya tak kika zauna gaban akwatin nan, ranar da kika gama wankan jegon Rakiya. Kin ɗaura shuɗin zane, kin sha lalle, ita tana barci a cinyarki. Na shiga cikin ƙyallen na daidaita, na buɗe murfin ido, na fara ƙirga. Ina kaiwa uku kika fashe da dariya, kika kawar da kai. Wai kin ga dodo mai ƙafa biyar, uku na katako biyu na Malam.

Raina ya ɓaci. Na ce ba zan sake ɗaukar ki ba sai ranar da kika koyi zama. Kika ce, "To, sai ka jira." Na jira ki roƙe ni, kika jira in kira ki. Muna cikin haka takardar hoto ta daina zuwa kasuwa, ruwan wankin hoto ya ƙare, akwatin ya koma bayan ƙofa. Da wayar salula ta cika gari, yara suka yi ta bin ki, kina rufe fuska da gyale kina cewa, "In ba akwatin Malam ba, ba mai ɗauka ta." Na ji da kunnena, Habsu. Na yi kamar ban ji ba.

Ga hoton nan gabana. Saƙar tabarma ta fito ɗaya bayan ɗaya. Mundayenki bakwai, lallen yatsunki, har gashin idon jaririya. Wurin fuskarki kuwa hayaƙi ne kawai.

Rakiya ta kai shi Maradi wajen wani mai gyaran hoto da na'ura. Ta dawo mini da wata mace a salularta, sanye da zanenki, riƙe da ɗiyarki. Kyakkyawa ce, ban hana ta ba, amma babu wushirya, babu ɗan tabon nan na gefen haɓa. Na duba ta kwana biyu. A rana ta uku, bayan sallar la'asar, na rufe ido in nemo ki, sai ita ta zo. Na ce wa Rakiya ta goge ta nan take. Ta yi kuka, ta ce ita ma uwa take nema. Na ce gara hayaƙin, shi dai na san dariyarki ce ta yi shi.

Yanzu ga abin da ya sa na sa a rubuto miki. Da ƙaramar kamarar nan na ɗauko, da ta kama ki kina tsakiyar dariya, wushirya a waje. Da ma na kira ki washegari na ce zo mu sake. Mai shagon ya fi ni gaskiya, ke ma kin fi ni. Na yi kuskure. Rakiya ta ɗago kai tana kallona, don tunda aka haife ta ba ta taɓa jin wannan magana a bakina ba. Na ce ta rubuta.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya yafe mini taurin kaina. Allah ya haɗa mu a Aljanna, ya nuna mini fuskarki tun daga nesa. Ranar ba zan ce ki zauna ba, kuma ba zan ƙirga komai ba. Ki yi dariyarki yadda kike so.

Wassalam. Ni ne mijinki,
Malam Idi mai hoto, Gazawa