Yaya Lawal, Ka Daina Yi Mini Fito

Zuwa ga yayana, marigayi Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ne ƙaninka Sabi'u, golan da ka ƙera da hannunka. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Masu rai a nan duniya su za su karanta ta, wasu ma su ce Sabi'u ya fara taɓuwa. Su faɗa. Magana ce a kan 'yata, kuma kai kaɗai ka san inda ta samo asali.

Ka tuna shekarar da aka fara Shari'a, da aka ce wandon ƙwallo sai ya rufe gwiwa? Inna ta yanka tsohon zanenta ta ƙara wa namu tsawo, muka shiga fili da furanni a ƙauri, 'yan kallo suna ta shewa. A shekarar ce ka dube ni ka ce ƙafafuna ba su san hanyar raga ba, gara in tsaya in tsare ta.

Daga nan ba ka ƙara tausaya mini ba. Bayan sallar asuba gudu cikin yashi, da tsohuwar tayar mota ɗaure a ƙuguna. Tsallen kwaɗo daga ƙofar gida har bakin masallaci da rabin buhun gero a kafaɗa. Guga talatin a rijiyar unguwa, mata suna sa maka albarka, ni ina zagin ka a zuci. Duk da haka kana cewa gudu da ƙarfi kowa yana iya samu. "Gola kuwa," in ji ka, "hannunsa ne zai riga tunaninsa."

Don wannan ne ka kai ni kangon gidan Kaka. Ruwan damina ya zaizaye katangar, duk ta zama tudu da rami. Sai ka tsayar da ni taku uku daga jikinta ina kallon ta, kai kana bayana. Ka yi gajeren fito, ka jefo ƙwallo ta saman kafaɗata, ta bugi katanga ta dawo ta inda ta ga dama. Dokarka biyu ce: ba waiwaye, kuma da jin fito hannuwa su buɗe. Kullum sai tsakar rana muke yi, lokacin da ka rufe shagon ɗinki.

Inna ba ta taɓa son abin ba. "Lawal, fito a kango da tsakar rana? Ka san waɗanda kake kira kuwa?" Sai ka yi dariya ka ce idan sun zo su ma ka mayar da su gololi. Kuma fitonka ba irin na kowa ba ne. Haƙorinka na gaba da ya karye shi ke sa ya rabe biyu a ƙarshe.

Atisayen ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Ranar da na tare fanareti biyu a Zango, kai ka fi ni ihu, har hularka ta ɓace.

Sai bazara ta zo da sanƙarau. Kwana uku ya yi maka. Muka kai ka, na dawo na rataye takalmana, na buɗe teburin shayi kusa da tasha.

An yi kamar shekara. Wata rana, rana tsaka, na ɗauko kiret ɗin ƙwai, sai na ji fito a bayan kunnena na dama, gajere, mai rabewa biyu. Ban yi tunanin komai ba. Na dai ga hannuwana a buɗe, ƙwai kuma a ƙasa. Na waiga, babu kowa sai wata akuya tana tuƙa. Karo na biyu a kan babur ne, a hanyar garin Babban Mutum, na saki kan mashin ina cikin gudu. Tabon yana nan a gwiwata.

Na je wurin malamin unguwarmu. Ya ce mamaci ba ya dawowa, kuma na yarda. Ya ce ko dai kunnena ne, ko kuwa wani abu ne da ke zaune a kangon, ya yi shekaru yana sauraren mu har ya koyi fiton. Yaya, da bai faɗi na biyun ba. Tun daga ranar nake tuna yawan lokutan da na tsaya ina kallon katanga ban waiga ba, ina ɗauka kai kaɗai ne a bayana. Inna ba ta ce ai na faɗa muku ba.

Aka yi tofi, aka sha rubutu, abin ya lafa har na manta. Na auri Uwani, ba ka san ta ba, 'yar gidan maƙera ce, mai dariya da yawa. Bana Allah Ya ba mu 'ya mace, muka sa mata sunan Inna, muna kiran ta Ummi.

Kwananta uku a duniya, bayan azahar, Uwani ta miƙo mini ita ina zaune a bakin gado. Ina cikin kallon 'yan yatsunta fiton ya zo. Hannuwana suka buɗe, Yaya. Allah Ya sa katifa ce a ƙasa, kuma tsakaninsu bai wuce taƙi ba, ko farkawa ba ta yi ba. Amma da a tsaye nake a tsakar gida fa? Wannan tambayar ta hana ni cin abinci.

Ban sake ɗaukar ta ba. Ranar suna aka miƙo mini ita in yi mata addu'a, na ce hannuna duk gawayi ne. Wata huɗu ina kawo dalili. Ina dawowa daga tasha in tsaya daga nesa ina yi mata wasa kamar baƙo. Har wata rana Uwani ta ce, "In don mace ce ba ka so, ka faɗa mini in sani." Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na zaunar da ita na gaya mata komai, ba ta yi dariya ba.

Da na rasa yadda zan yi, sai na koma ga abin da na iya, wato atisaye. Na cika ƙwarya da ruwa na tafi kangon da tsakar rana. Rabin katangar ya zube, tumfafiya ta fito a inda kake tsayawa. Na karanta abin da zan karanta, na juya baya, na rungumi ƙwaryar. Ban daɗe ba fiton ya zo, ƙwarya ta tarwatse a ƙafata. Kuma a daidai tsayin kafaɗata, ƙasa ta ɗan zubo daga jikin katangar, kamar an buga mata wani abu. Ban waiga ba. Ba don dokarka ba, tsoro ne.

Na yi ta komawa, ƙwarya biyar na fasa. Ta shida ruwan kawai ya zube. Ta bakwai na kai ta gida a cike. Abin da ka shekara uku kana cusa mini, ni nake tone shi da kaina, kuma wallahi ya fi tsallen kwaɗo wuya.

Juma'ar da ta wuce, da na dawo daga masallaci, na ce Uwani ta ba ni Ummi. A tsaye na karɓe ta. Uwani ta baza zanenta a ƙarƙashin hannuna, bakinta yana motsi. Yarinyar ta yi nauyi, ban san ta yi nauyi haka ba.

Fiton ya zo. Bai taɓa matsowa kusa kamar ranar ba, har iskarsa na ji a ƙeyata. Yatsuna suka fara miƙewa. Na manna ta a ƙirjina, na cije leɓe har na ji gishirin jini. Na ji bugu a bangon ɗaki, sannan wani abu ya gangaro ta gefen ƙafata ya wuce. Uwani ta ce ba ta ji komai ba. Ummi kuwa ido ta zuba wa bayan kafaɗata, ta daɗe tana kallo, sannan ta yi atishawa ta kama gemuna.

An ci ni, Yaya. Ina tsaye a daidai wurin, na ji ƙwallo ta taho, na bar ta ta wuce. Ban taɓa jin daɗin wata tarewa kamar yadda na ji daɗin wannan cin ba.

In kai ne, ka yafe mini, na bar gola. Ba raina wahalarka na yi ba, ina kewar ka kullum, har tayar nan nake kewa. In kuma ba kai ba ne, to Allah Ya isar mini, kai ka kwanta ka huta.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka amsa tambaya da saurin da ka koya mini. Allah Ya raya Ummi, Ya tsare ta daga abin da muke gani da wanda ba mu gani. Amin.

Ƙaninka,
Sabi'u, baban Ummi, Daura