An Wanke Akushin Mama

Zuwa ga ƙanwata Aldona,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin Kanada, ko da yake namu na Lituwaniya bai bar wa kowa abin gori ba. Ni ina nan, gwiwa tana ƙara, gashi yana ƙaura. Ƙaninmu Gintaras ya ƙara ƙiba, yana cewa aiki ne.

Maganar Mama ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san ta faɗi ta karye a ƙugu, an kwantar da ita asibiti. Tana can sai Ramune, matar Gintaras, ta zo daga birni da niyyar alheri da jarkar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ta goge gidan har ya daina kama da namu. A bayan murhu ta tarar da babban akushin katakon da Mama take kwaɓa baƙin burodi, da busasshen ƙullu manne a jikinsa. Ta kankare shi tas, ta jiƙa shi da magani, ta shanya a rana. Da na dawo daga ɗakin karatu har nuna mini ta yi, wai in duba ƙazantar da tsohuwa take ciyar da mu da ita. Yarinyar a gidan bene ta tashi, burodinsu a leda yake zuwa. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ba a wanke wannan akushi, cewa ragowar tsamin nan shi ke tayar da sabon ƙullu tun zamanin kakarmu.

Ranar da aka sallamo Mama, tun daga ƙofa ta shinshina ta tambaya wa ya mutu. Da ta ga akushin fari fat, ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta dai ce wa Ramune sannu da aiki, 'yar birni, saura ki wanke ni ki shanya.

Tun daga nan ba ta cin abin kirki. Burodin kanti ta ce soso ne, a kai wa masu wankin mota. Na buɗe littattafaina na haɗa sabon tsami yadda masana suka tsara, abin ya fito kamar tubali. Ta ɗanɗana ta ce, malam, karatunka ya kai ko'ina ban da cikin tanda. Na zaga maƙwabtan da ta taɓa ɗiba wa tsamin: Genute ta rasu, gidan su Petras an rufe shi da katako, sauran sun koma yis na kanti. Likita ya ce ƙashin yana haɗuwa, matar ce take raguwa. Jiya na ɗaga ta don a canza shimfiɗa, Aldona, kamar na ɗaga rigarta kawai.

Sai na tuna ranar tafiyarki Mama ta cusa miki ƙullun nan a kwalba cikin safa. Na yi gangancin faɗa mata cewa yana wurinki da rai. Ta ce ke da ko kyanwa ba ki iya riƙewa, amma ta shanye rabin kwanon miya, yau kuma ta sa na juya gadonta ya fuskanci hanya.

Don haka ki faɗa mini gaskiya. In yana raye, ki shafa shi siriri a takarda ya bushe, ki taho da shi da hannunki, kada ki ba gidan waya. In ya mutu, ni za ki kira, ba ita ba, kuma duk da haka ki taho. Kada ki jira ƙanƙara ta narke.

Ki gaishe da maigidanki Vidmantas, da yara, Egle da ƙaramin Jurgis. Ramune tana gaishe ki, kullum da kumburarrun idanu. In kin zo ki sassauta mata.

Yayanki,
Kestutis