Kada Ka Ba Alƙali Rabi'u

Daga Kekun Waje, ran Lahadi, uku ga watan azumin tsofaffi.

Zuwa ga maigidana, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan randa mai sanyi bayan doguwar tafiya, zumar farar ƙaya da ba ta gundurar harshe. Gaisuwa mai yawa, da begen da ya fi takardar nan faɗi. Ina fata ta same ka a Tsafe lafiya, kai da jakunanka da fatun da ka tara.

Ga labarin gida. Innarka tana lafiya, sai gwiwar nan da ke tayar mata in sanyi ya shigo. 'Yarmu Hanatu lafiya lau, ɗanta ya fara haƙori, yana cizon kowa. Jar saniya ta haifi mace. Ni ma jikina ƙalau, in ban da kewarka da ke ci na a ɓoye kamar yadda gara ke cin azara. Wanda ba shi da lafiya Rabi'u ne, kuma ba ciwon da ake jiƙa wa sassaƙe ba ne. Saboda shi na ɗauki alƙalami.

Ka yi haƙuri da baƙaƙena, suna tafiya kamar sawun kaza a rairayi. Ka san sai da furfura ta fara leƙowa na koye su a allon ɗanka, don kada in durƙusa gaban mai rubuta wa mutane wasiƙa in faɗa masa abin da kunnenka kaɗai ya cancanta. Ya hasken idona, yau ga amfaninsu ya zo.

Usman mai jakuna ya iso da saƙonka, cewa ka yarda alƙalin Bungudu ya ɗauki Rabi'u ya zauna gefensa, ya koyi rubuta shari'a, wata rana ko shi ma a naɗa masa rawani. Maƙwabta sun cika gida da barka. Kowa na cewa yaron da ya yi karatun fiƙihu, wanda bakinsa bai san ƙarya ba, ai don majalisar alƙali aka haife shi. Na yi murmushi, na raba goro, na shiga ɗaki na ɗauko takarda.

Ka san farkon maganar, amma ƙarshenta ya faru bayan tafiyarka. Da ruwan shuka, Rabi'u ya ga Baba Umaru, maƙwabcinmu na gona, ya tumɓuke gambar da ke iyakar gonarsa da ta maƙwabcinsa Abdu, ya matsar da ita taku uku cikin gonar Abdu. Da aka je gaban alƙali aka kira shi shaida, ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba, alhali Baba Umaru ne ya saƙa masa faifan wasa yana rarrafe, shi ne ya ɗaura masa ƙotar fartanyarsa ta fari. Aka mai da gamba wurinta. Tsohon ya dawo gida bai ƙara zama a dandali ba, bai ƙara amsa gaisuwar kowa ba, kafin a yanke gero aka kai shi makwanci. Alƙali ya ga gaskiyar ɗanka ya yi sha'awarta. Ni kuwa na ga abin da gaskiyar ta bari a jikinsa.

Tun da ka tafi, kullum in rana ta tsaya tsaka, sa'ad da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, Rabi'u sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya nufi iyakar nan. Ba ya gudu, ba ya sambatu. Yana tafiya a natse kamar wanda babba ya aika a kira. In ya isa sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa, ya tsaya yana saurare, ya gyaɗa kai. In ya dawo aka ba shi tuwo, sai ya yanke shi biyu daidai da gefen hannu, ya ci rabi, ya rufe rabi. Na tambaye shi na wa ne, ya ce na wanda aka rage wa gona ne. Dawar da Abdu ya shuka a taku ukun nan ta fi ta ko'ina tsawo, amma ba ƙwaya ko ɗaya a kanta, har ya ƙi yanke ta, tana nan tsaye ita kaɗai a fili. Awakinmu, da ba su bar wa kowa kara ba, in sun zo wurin sai su rabu biyu su kewaye.

Na kai shi wurin liman, an yi masa rubutu ya sha. Yana salla kan lokaci, yana karatunsa, in ka yi hira da shi ba za ka ce komai ba. Da na matsa masa, cewa ya yi Baba Umaru ne ke tsaye a wurin, kuma ba faɗa yake yi ba, tambaya kawai yake yi, a ina zai yi shuka baɗi.

Jiya na bi shi. Ya masoyina, da ma kana kusa in riƙe gefen rigarka! Ban ga kowa ba, wallahi ban gani ba, ba zan rubuta maka abin da ban gani ba. Amma duk faɗin gonakin nan ba kukan tsuntsu ko ɗaya, ba iska, ganyen marke ko motsi ba ya yi, sai karan dawar nan kaɗai ke sunkuyawa yana miƙewa. Na matsa zan kama hannun ɗana, ya juyo a hankali ya ce, "Inna, kada ki taka nan, yana tsaye." Na ja da baya. Tafin ƙafata ya yi sanyi kamar na taka bakin rijiya, ga rana tana ƙuna a kaina.

To, ka duba mini, ya sanyin zuciyata. Mutum ɗaya ke nan, shaida ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa. In ya zauna gefen alƙali, inda kowace safiya mutum biyu ke shiga, ɗaya ya fito da fara'a ɗaya da hawaye, mutum nawa za su tsaya masa kafin shekara ta kewayo? A ina za mu sa su? Tuwo nawa zai raba? Ban ce shari'a mugun aiki ba ce, Allah ya tsare bakina. Amma tana son mutum mai zuciya irin ta tulu, a cika da safe a juye da maraice. Ɗanka rijiya ne, abin da ya faɗa ciki ba ya fitowa. Mutane sun dubi bakinsa sun ce alƙali ne. Ni da na goya shi na san bayansa, ba ya sauke kaya.

Na san abin da za ka ce, don na san tunaninka kamar yadda na san hanyar rafi. Za ka ce ka gwada shi a fatauci bai iya ba, ka tuna mini ranar kasuwar Gusau da kake cinikin jaki, ya ɗaga akumari ya nuna wa mai saye mikin da ke ƙasa. Ka yi kwana uku ba ka yi masa magana ba. Amma wa ya dawo da kaka yana cigiyar yaron nan mai nuna miki? Ba Buba ba ne, Bafillacen da ya sayi jakin, wanda har yau ba ya kai fatunsa wurin kowa sai wurinka? Kuma a ranar nan Rabi'u ya dawo gida yana dariya, ya cinye tuwonsa duka har ya nemi ƙari. A kasuwa in ya faɗi gaskiya, riba ce ke raguwa, a tafa hannu a ce Allah ya sa albarka, kowa ya kama hanyarsa da ƙafarsa. Ba mai bin sa gida.

Ka manta gindin dutsen Kwatarkwashi, ya zinariyar wuyana? Ina budurwa da ƙwaryar fura, ka tsaya da jakinka ka taya, na ce maka ta kwana, ta yi tsami, ka nemi ta wata. Ka yi dariya har hularka ta faɗi, ka saye ta duka, ka sha kana yamutsa fuska. Kasuwa ta gaba ka dawo, ta gaba ma ka dawo, yau shekara ashirin da shida ba ka fasa ba. Halina ne a jikinsa. In ya riƙe ka, me zai hana ya riƙe masu auduga da masu fata? Ga shi ana shimfiɗa ƙarfen jirgin ƙasa zuwa Gusau, baƙi za su cika gari, kowa na neman wanda zai yarda da awonsa.

Uku na binne kafin shi, ka sani, kai ka ɗauke su a hannunka. Wannan na huɗun kada mu ba da shi da ransa. Na tambaye shi abin da yake so, ya ce abin da mahaifinsa ya ce. Ba zai roƙe ka ba. Ni ce ke roƙo, da gwiwa biyu, a madadinsa. Ka kira shi Tsafe, ka ɗora masa kaya, rana ta tsaya masa a kan hanya cikin hayaniyar mutane, nesa da iyakar nan.

Manzon alƙali zai zo ɗaukarsa ran Juma'a, sha biyar ga wata. Usman zai juyo ran Talata ta sama, ka ba shi amsa, ko layi ɗaya, ko zobenka in san ka janye. Ta iske ni kafin faɗuwar ranar Alhamis. In ba ta iso ba, ka san matarka. Ban taɓa tsallake maganarka ba tun da aka kawo ni gidan nan, kuma ba zan fara ba. Zan wanke masa farar riga, in naɗe masa tabarma, in raka shi har bakin gari da ƙafata, in miƙa shi. Don Allah kada ka bari biyayyata ta yi wannan aiki.

Taka tun tana budurwa, taka da furfura, taka har a rufe ta da ƙasa,

Yelwa