Ƙwarinka Sun Yi Aiki, Geron Yana Tsaye

Angona Habibu, assalamu alaikum. Ya jiki, ya karatu, ya mutanen gidanku?

Ƙwarin da ka rataya mana cikin buhu a gonar Ruma, na kama ɗaya. Ɗan mitsitsi ne jaja-jaja, ƙugu siriri kamar naka, da allura a gindi. Ka ce shi ba rina ba, ba zanzaro ba, dangi ne kawai. Suna sokar tsutsar gero ta sandare, 'ya'yansu su cinye ta da ranta.

Gero ya yi kyau. Kawunka Sale ya tafi yanka, mutanen daji suka ɗauke shi. Har yau shiru.

Kada ka zo, ko kewata ta dame ka. Ku taya mu addu'a. Ka gaida babarka.

Kakarka Hajjo, Batsari